Yadda Ake Janye Hukuncin Kotu Daga Intanet Bayan An Wanke Mutum

Ranar da alƙali ya wanke ƙanena daga zargin sata, mun fito harabar kotu muna hamdala, mahaifiyarmu har da sujada a kan kwalta. Mun ɗauka magana ta ƙare ke nan. Bayan shekara guda da 'yan watanni ya je neman aure a Kubwa. An riga an yi gaisuwar iyaye, sai kawun yarinyar ya sa ɗansa ya rubuta sunan ƙanen nawa a Google. Abu biyu suka fito a sama: labarin ranar da aka gurfanar da shi tare da hotonsa, sai kuma hukuncin kotun kansa a wani shafi da ke tara hukunce-hukunce. Za ka ce na biyun ai alheri ne, tunda shi ya wanke shi. To amma hukuncin ya haura shafi talatin, wankewar tana can layukan ƙarshe, Google kuwa layi biyu ya yanko daga inda aka karanto tuhuma. Iyakar abin da kawun ya karanta ke nan. Da daddare ya kira ni ya ce, "Malam, ashe yaronku ya taɓa zama gidan kaso, ba ku faɗa mana ba?"

Da na zauna na karanta hukuncin daga farko, sai na ga abin ya wuce maganar aure. Akwai sunan unguwarmu da lambar gida, akwai sunan mahaifiyarmu da ta ba da shaida, akwai bayanin wata rashin lafiya da ya yi yana tsare. Duk wanda ke da waya da data zai iya karantawa.

Mun yi watanni muna bin wannan aiki, mun yi kurakurai, mun gyara. Ga yadda zan bi da a yau zan fara.

Ka san ƙafar da kake tsaye a kai

Shari'a a Najeriya a bainar jama'a ake yin ta. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ne ya ce haka, kuma don amfanin talaka aka yi, kada a yanke wa mutum hukunci a ɗaki a rufe. Saboda haka hukuncin kotu takardar jama'a ce, lauyoyi da alƙalai na kafa hujja da ita. Tun 1985 marigayi Gani Fawehinmi ya fara buga Nigerian Weekly Law Reports, yau kuma akwai irin su LawPavilion da NigeriaLII a intanet. Babu wanda zai share maka shari'a daga kundin kotu, kuma duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya yi maka haka, ka riƙe kuɗinka.

A ɗaya ɓangaren, sashe na 37 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa. Sai Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin shekarar. Sashe na 34 ya ba ka damar neman a gyara bayaninka idan akwai kuskure ko ruɗarwa a ciki, ko a goge shi, sashe na 36 kuma ya ba ka damar nuna ƙin amincewa da yadda ake amfani da shi. Sai dai dokar ta yi sassauci ga aikin jarida da na hukumomin binciken laifi, don haka ba takobi ba ce da za ta sare komai.

Abin da za ka nema, a taƙaice, shi ne a raba sunanka da shari'ar a idon mai bincike. Hukuncin ya zauna don masu karatun doka, amma wanda ya rubuta sunanka kada ya faɗa kansa. Da wannan buƙatar aka fi saurarar mu. Duk inda muka ce "a goge gaba ɗaya" sai ƙofa ta rufe.

Mataki na 1: Karɓo kwafin hukunci mai hatimi

Kada ka rubuta wa kowa wasiƙa kafin wannan takarda ta shigo hannunka. Lauyoyi na ce mata CTC, wato kwafin da rajistaran kotu ya buga wa hatimi ya sa hannu cewa daidai yake da na asali. Sashe na 36(7) na Kundin Tsarin Mulki ya ba wanda aka yi wa shari'ar laifi haƙƙin samun kwafin hukuncinsa cikin kwana 7 da kammala shari'a, kuma zai iya wakilta wani ya karɓo masa.

Ka je rajistirin kotun da ta yanke hukuncin, ba wata ba. Idan Babbar Kotun Birnin Tarayya ce, ka tuna ba Maitama kaɗai take zama ba, tana da zama a Apo, Jabi, Kubwa, Bwari, Gwagwalada da sauransu, fayil ɗinka kuma yana wurin alƙalin da ya saurari shari'ar. Ka rubuta takardar nema zuwa ga rajistara, ka sa lambar shari'a, sunayen ɓangarori, da ranar hukunci. Ka biya kuɗin da aka ƙayyade, ka karɓi rasit. Ka nemi kwafi biyu ko uku, domin za ka buƙace su.

Da ta shigo hannunka, buɗe shafin ƙarshe ka karanta da kyau, don a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Sallama daban, wankewa daban. Idan masu gabatar da ƙara sun daina zuwa kotu alƙali ya kori ƙarar, ko Antoni Janar ya janye ta, sau da yawa sallama ce kawai, kuma ana iya sake gurfanar da mutum. Idan kuwa an rubuta an sallame shi kuma an wanke shi, to sashe na 36(9) ya hana a sake yi masa shari'a kan laifin. Wanda aka sallama ma yana da hujja, domin sashe na 36(5) ya ce mutum marar laifi ne har sai an tabbatar, amma kada ka rubuta wa edita cewa an wanke ka alhali takardar ba ta ce haka ba. Da ya gano, ya daina ɗaukar wayarka.

Sannan ka tambayi lauyanka ko gwamnati ta ɗaukaka ƙara. Daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, wa'adin shari'ar laifi kwana 90 ne. Gara ka bari ya cika tukuna.

Mataki na 2: Bi sawun sunanka

Ka ari wayar da ba taka ba, ko ka buɗe burauza a yanayin sirri, domin wayarka ta saba da kai, ba lallai ta nuna maka abin da baƙo ke gani ba. Rubuta cikakken sunanka. Sake rubuta shi ta duk hanyoyin da ake rubuta shi: Muhammad, Mohammed, Muhammed, Abdullahi, Abdulahi. 'Yan jarida da magatakardan kotu kowa da yadda yake rubutawa. Haɗa sunan da "court", da sunan unguwa, da lambar shari'a. Duba ɓangaren hotuna da na bidiyo. Duba Bing, Facebook, X, YouTube da TikTok.

Duk abin da ka samu, ka ɗauki hotonsa, ka kwafi adireshin shafin gaba ɗaya, ka rubuta ranar da ka gani. Ni littafi na saya mai bango ja na ja layi huɗu: adireshi, mai shafin, abin da ke ciki, ranar da na tuntuɓe su. Mun samu wurare goma sha ɗaya. Da na duba sai na ga takwas daga cikinsu kwafin labari ɗaya ne, har da kuskuren shekarunsa iri ɗaya. Wannan ya nuna mini inda zan fara: wurin wanda ya fara bugawa.

Mataki na 3: Shafin da ya ɗora hukuncin

Nemi adireshin imel ɗinsu a ƙasan shafi ko a cikin bayanin tsare sirri. Manyan kamfanoni suna da jami'in kare bayanai, kamar yadda dokar 2023 ta ɗora wa masu riƙe da bayanan mutane da yawa. Shi za ka rubuta wa.

Wasiƙar ta zama da Turanci, gajera, ba zagi, ba barazana. Ka faɗi ko kai wane ne, ka sa adireshin shafin, ka ce kotu kaza ta wanke ka ranar kaza, ga kwafi a haɗe. Ka faɗi cutarwar a fili: an hana ni aiki, an fasa ba ni haya, ga adireshin gidana a sakin layi na kaza. Ka ambaci sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki da sashe na 34 na dokar kare bayanai. Sai ka jera buƙatunka daga babba zuwa ƙarama, don idan sun ƙi ta farko su samu wadda za su iya:

su sauke hukuncin daga ɓangaren da kowa ke gani kyauta. Idan ba zai yiwu ba, su mayar da sunanka haruffan farko kawai, su rufe adireshi da lambar waya da sunayen iyali da bayanin lafiya. Idan shi ma ba zai yiwu ba, su sa wa shafin alamar nan da ke hana Google jera shi, wadda masu gina shafuka suka sani da noindex.

Ta ukun nan ita ce ta yi mana aiki, kuma ita nake so mutane su riƙe. Ba ta rage wa mai shafin komai. Lauyan da ke neman shari'ar zai same ta idan ya shiga rumbunsu, kawun yarinya kuwa ba zai gan ta ba. Aikin 'yan mintoci ne ga mai kula da shafin.

Ka ba su wa'adi, kamar mako biyu ko uku, ka ce za ka kai ƙorafi hukuma idan ba ka ji daga gare su ba. Idan suka nemi shaidar cewa kai ne, ka tura katin shaida amma ka rufe lambar NIN. Bai kamata garin neman rufa asiri ka sake watsa wani ba.

Idan wanda abin ya shafa yaro ne lokacin shari'ar, ka faɗa tun a layin farko. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ke aiki a Abuja, ta hana wallafa abin da zai bayyana yaron da ke gaban shari'a.

Mataki na 4: Gidajen jarida

Nan ne aikin ya fi cin rai, kuma nan ne ya fi muhimmanci, domin yawanci labarin kamu ya fi hukuncin ɓarna. Ranar gurfanarwa kotu cike take da 'yan jarida. Ranar wankewa, bayan shekara biyu ko uku ana ɗage zama, daga kai sai lauyanka sai mahaifiyarka.

Ka fahimci matsayin edita kafin ka tunkare shi. Idan ya ruwaito abin da ya faru a kotu yadda ya faru, bai yi maka ƙazafi ba a idon doka, kuma sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulki ya kare shi. Jaridu ba sa son goge tsohon labari, suna ɗaukarsa tarihi. Amma ƙa'idojin aikin jarida na Najeriya, waɗanda aka amince da su a Ilorin a 1998, sun wajabta gaskiya da adalci da gyara kuskure da ba mutum damar mayar da martani. Ta wannan ƙofar za ka shiga.

Na je ofishin jaridar da ta fara buga labarin da kaina, da kwafin hukunci a ambulan. Na jira kusan awa biyu a kan benci. Da editan ya fito na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, ba rigima na zo yi ba. Kun ba da farkon labari, ga ƙarshensa na kawo muku." Ya karɓa ya buɗe shafin ƙarshe, ya yi shiru, sannan ya ce gogewa dai ba za su yi ba. Na ce na yarda. Na roƙi abu uku: a sa sanarwa a saman labarin cewa kotu ta wanke shi ranar kaza, a gyara kanun labarin, a cire hoton. Ya yi biyu nan take, kanun kuma sai da na sake komawa.

Ka dage a kan kanu da layin farko, domin su ne Google ke nunawa. Gyaran da aka maƙala a ƙarshen labari ba mai ganinsa.

Ƙananan shafukan da suka kwafa, ka tura musu adireshin labarin da aka gyara ka ce ga asalin ya canza. Da yawa za su sauke ba gardama. Wani daga cikinsu ya nemi mu ba shi "na data" kafin ya cire. Ba mu ba shi ba, kuma ina ba da shawarar kada kowa ya bayar, domin wanda ya karɓa yau zai iya sake ɗorawa gobe ya dawo. Ka ajiye hoton saƙon nasa, hujja ce. Idan jarida ta ƙi sauraronka sam, akwai Majalisar 'Yan Jarida ta Najeriya, rediyo da talabijin kuma hukumar da ke kula da su, wato NBC.

Abu ɗaya nake roƙo: kada ka sa 'yan sanda su kamo ɗan jarida ko mai shafi. Kai da ka ɗanɗani zaman sel ba da haƙƙinka ba, ka san abin da ake ji. Ban da haka, kamun zai zama sabon labari, da sunanka a ciki, a yi garin neman gira a rasa ido.

Mataki na 5: Google

Google ba shi ya rubuta ba, nunawa kawai yake yi, shi ya sa ya zo bayan masu shafi. Idan an riga an sauke shafin ko an gyara shi amma tsohon rubutun na fitowa, akwai shafinsu mai suna Refresh Outdated Content. Ka liƙa adireshin, ka nuna kalmar da aka cire, cikin 'yan kwanaki sukan sabunta. Idan shafin na ɗauke da lambar wayarka, adireshin gidanka ko lambar katin shaida, suna da fom na neman cire bayanan sirri. Amma don labari ya ɓata maka rai kawai, ba za su cire ba.

Za ka ji ana maganar "haƙƙin a manta da mutum". A Turai abin ya kafu, ranar 13 ga Mayun 2014, lokacin da Kotun Tarayyar Turai ta goyi bayan wani ɗan Sifen, Mario Costeja González, wanda sanarwar gwanjon gidansa kan bashi ta 1998 ke fitowa duk sanda aka nemi sunansa. Kotun ta ce Google ya cire sakamakon daga binciken sunansa, jaridar kuwa ta ci gaba da riƙe shafinta. A 2019 kotun ta ƙara da cewa ba dole ba ne cirewar ta game duniya. Fom ɗin Google na wannan haƙƙi an yi shi ne don dokar Turai, don haka mazaunin Nyanya ko Gwarimpa ya bi ta fom ɗinsu na buƙatun shari'a, ya kafa hujja da dokar Najeriya ta 2023, ya haɗa kwafin hukunci. Ka sani kuma Google kan aika kwafin irin waɗannan buƙatu zuwa wani rumbu mai suna Lumen, saboda haka kada ka zuba sirrinka a cikin fom ɗin fiye da yadda ake buƙata.

Mataki na 6: Hukumar Kare Bayanai

Idan wa'adin ya cika shiru, ko an ƙi ba tare da dalili ba, ka kai ƙorafi ga Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, NDPC, wadda hedikwatarta ke nan Abuja. Sashe na 46 na dokar kare bayanai ne ya ba ka dama. Ka haɗa littafinka na sawu, wasiƙun da ka tura da ranakunsu, amsoshin da ka samu, da kwafin hukunci. Idan ka kai da hannu, ka sa a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka. Ƙorafi kan kamfani mai rumbun bayanai ya fi ƙarfi a nan fiye da ƙorafi kan jarida, saboda sassaucin da na ambata.

Mataki na 7: Komawa kotu

Wannan na ƙarshe ne, kuma sai da lauya. Hanya biyu ce. Lauya na iya neman kotun da ta yi shari'ar ta ba da umarnin a sakaya sunanka ko a rufe wasu bayanai a kwafin da ake wallafawa. Ko kuma ya shigar da ƙarar kare haƙƙin ɗan Adam a Babbar Kotu ƙarƙashin sashe na 46 na Kundin Tsarin Mulki da ƙa'idojin 2009 na shigar da irin wannan ƙara, yana dogaro da sashe na 37. Umarnin kotu shi ne takardar da Google da masu shafi suka fi girmamawa.

Sai dai kada wani ya yi maka alƙawarin nasara. Ko a ƙasashen da aka daɗe ana fafatawa kan batun, alƙalai ba su zama baki ɗaya ba. A 2021 Babbar Kotun Delhi ta ba da umarnin wucin gadi cewa Google da shafin Indian Kanoon, mai tara hukunce-hukuncen kotunan Indiya, su janye hukuncin wani mutum da aka wanke daga zargin miyagun ƙwayoyi, saboda ya kasa samun aiki a Amurka. A 2024 kuma Kotun Ƙolin Indiya ta dakatar da wani umarni makamancinsa da Babbar Kotun Madras ta bayar. Sannan sabuwar ƙara sabon hukunci take haifarwa, shi ma ana iya wallafa shi. Don haka tun a takardar farko lauya ya roƙi kotu ta yarda a yi amfani da haruffan sunanka kawai. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya gwada Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Legal Aid Council ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke Maitama.

Abin da ba ya kan Google

Akwai rumbun da ba ka gani: na 'yan sanda. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, a sashe na 16, ta ce a aika sakamakon kowace shari'ar laifi zuwa babban rajistirin bayanan laifuka cikin kwana 30 da hukunci. Kada ka zauna kana zaton an aika. Ka rubuta wa rundunar da ta kama ka, ka haɗa kwafin hukunci, ka nemi a sabunta fayil ɗinka, tun kafin ranar da za ka nemi takardar shaidar hali don biza ko aiki.

Bayan an gama, ka riƙa bincika sunanka duk bayan wata biyu ko uku, ko ka saita Google Alerts ya sanar da kai idan ya sake fitowa. Shafin da aka sauke kan dawo idan mai shi ya canza manhaja ko ya dawo da tsohon rumbu. Namu ya taɓa dawowa sau ɗaya, imel guda ya isa.

Cikin wurare goma sha ɗayan nan, tara sun gyaru ko sun ɓace daga bincike. Biyu suna nan har yau, a wasu shafukan Facebook da masu su suka daɗe da barinsu, ba mai amsa saƙo. Kawun yarinyar kuwa ba mu jira intanet ta gyaru ba. Ƙanena ya ɗauki kwafin mai hatimi, ya nemi limamin unguwarsu ya raka shi, ya durƙusa ya ce, "Baba, ga takardar. Don Allah a karanta shafin ƙarshe." Tsohon ya sa tabarau, ya miƙa wa ɗan nasa da ya yi binciken ya ce ya fassara masa layi-layi.